Motocin da yashi ke tsayarwa: Yadda tsofaffin katkat ke yawo da rabin birki a Tasawa da Mayahi

A tashoshin ƙauyukan Tasawa da Mayahi akwai aikin da yaron mota ke fara koya tun kafin ya san lambar sifana. Da zarar mota ta rage gudu, sai ya diro daga saman kaya da guntun icce ko dutse a hannu, ya cusa shi a ƙarƙashin tayar baya. Wannan shi ne weji, kuma a yawancin tsofaffin motocin da ke shiga daji, shi ya daɗe da karɓe aikin birkin hannu.

Fasinjoji sun saba, babu mai ɗaga kai. Sun kuma saba da ganin direba yana yi wa birki famfo sau biyu ko uku kafin mota ta ji, da ganin 'yar robar man birki a kusa da giya, wadda ake ɗura wa mota kowace safiya kamar shayi.

Motocin da ake magana su ne Toyota Land Cruiser da Hilux masu jan ƙafa huɗu, waɗanda a Nijar ake kira katkat. Da yawansu sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Su ne ke haɗa kasuwannin mako-mako na gundumomin biyu na jihar Maraɗi, inda kowace gunduma ke da mutum fiye da rabin miliyan tun a ƙidayar shekarar 2012.

Garin Tasawa yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi a kan hanyar Damagaram. Mayahi kuwa tana arewa, ana ratsewa zuwa can daga Cadawa. To amma mafi yawan jama'a ba a bakin kwalta suke ba. Mai son zuwa ƙauyukan Urafan, ko Isawan, ko Gidan Amumun, ko Cake, ko ya tsallaka Gulbin Kaba zuwa arewa, sai ya shiga turbar yashi wadda ƙaramar mota ba ta ko gwadawa. Gero da wake da riɗi da aya, da awaki da tumaki, da mace mai naƙuda, duk a bayan waɗannan motoci suke fitowa idan tafiyar ta fi ƙarfin amalanke da babur.

Me ya sa birki ne na ƙarshe a layin gyara?

Masu motocin nan ba sakarkaru ba ne wajen kula da abin hawansu. Mutumin da ya riƙe mota mai shekara talatin tana aiki ya san darajar baƙin mai da matatar iska. Injin da ke cikin yawancin waɗannan Land Cruiser, wato 1HZ mai silinda shida da ke shan gazuwal, ya fara fitowa ne a 1990, kuma ya yi suna wajen jure wahala. Jikin motar kuma, samfurin da ake kira 70, tun 1984 kamfanin Toyota ke ƙera shi, har yau bai daina ba.

Matsalar tana wajen lissafin da rayuwa ke tilasta wa mai mota. Idan inji ya buga, mota ta tsaya, kuɗi ya tsaya. Haka idan kuloci ya ƙone ko sifirin ya karye. Waɗannan gyararraki ne da ba sa jira, ko da za a sayar da rago. Birki kuwa idan ya fara rauni mota na ci gaba da tafiya, ana ci gaba da karɓar kuɗin mota.

Yashi ma yana taimakawa wajen rufa asiri. A cikin rairayi mai zurfi, da direba ya ɗage ƙafa daga totur mota za ta tsaya da kanta cikin 'yan taku. Ƙwararren direban daji ma gudun taka birki yake yi, domin taka shi da ƙarfi yana sa tayoyin gaba su tona rami su kafe. Ƙasar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunukan da za su tona asirin mota kamar yadda gangaren Jos ko na Ayir ke yi. Saboda haka mota za ta iya yin wata da watanni tana zirga-zirga tsakanin ƙauyuka da birkin da ya kusa mutuwa, ba tare da wani ya ji tsoro ba.

Akwai kuma tsarin aikin kansa. Sau da yawa mai mota daban, direba daban, kuma direba yana da balas ɗin da zai kai. Kasuwannin yankin kowace da ranarta a mako. Motar da ta kwana a gareji ranar kasuwa ta yi asarar mako guda a wannan layi, wataƙila har da 'yan kasuwar da suka saba hawanta, domin wani zai ɗauke su. Direban da ya je wa maigida da maganar birki ya san amsar da zai samu: mota tana tsayawa ko ba ta tsayawa? Idan tana tsayawa, a lallaɓa.

Yadda birki ke mutuwa da kaɗan-kaɗan

Birkin irin waɗannan motoci da mai yake aiki. Idan direba ya taka, akwai wani famfo da makanikan Kano ke kira masta, na Maraɗi kuma metir silinda, wanda ke tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu. A gaba man yana matse faifan ƙarfe da wasu 'yan ɓangarori biyu, pilaket a bakin 'yan Nijar, birki fad a bakin 'yan Najeriya. A baya kuma, a yawancin tsofaffin, yana buɗe lainin ne a cikin wani kwanon ƙarfe da ake kira tambur ko diram. Tsakanin ƙafar direba da masta akwai sabo, wanda ke ninka ƙarfin takun.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da abokin gaba a yankin.

Na farko shi ne man kansa. Man birki yana zuƙar laima daga iska, kuma yawan ruwan da ya sha, saurin tafasarsa. Sabon mai samfurin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, yana iya tafasa a digiri 140. DOT 4 kuma yana saukowa daga 230 zuwa 155. Idan mai ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Direba zai taka ya ji birki ya nutse har ƙasa. Bayan minti ashirin idan ƙarfe ya huce sai birki ya dawo kamar babu abin da ya faru, shi ya sa ake yawan ɗora abin a kan tsautsayi ko a ce iska ce ta shiga. Masu ƙera motoci suna cewa a juye man gaba ɗaya a zuba sabo duk bayan kamar shekara biyu. A tasha ƙari kawai ake yi, kuma akwai motocin da man da ke ƙasan tukunyarsu ya yi baƙi kamar gahawa.

Na biyu shi ne damina. Daga Yuli zuwa Satumba fadamu da tafkuna suna cika, mota kuma dole ta ratsa. Ruwa da laka suna shiga tambur, su bushe, su zama kamar takardar goge katako, su cinye lainin, su ƙwaƙule kwanon. Birkin hannu, da yake da waya da 'yan ƙarafa yake aiki a cikin wannan kwano, shi ne ke fara sandarewa. Daga nan weji ke samun aiki. A gaba kuma akwai wata 'yar roba da ke kare fistin ɗin da ke matse faifai. Idan ta yage, ruwa ya shiga, fistin ya yi tsatsa ya maƙale. Wani lokaci ya ƙi matsewa, sai mota ta riƙa fizga gefe guda. Wani lokaci ya matse ya ƙi saki, sai ƙafar ta riƙa ɗaukar zafi a kan tafiya, ta dafa man, ta narkar da giris ɗin boris. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40, ba a daɗewa kafin a kai nan.

Na uku ba ma daga birki yake tasowa ba. A ƙarshen gatarin gaba na Land Cruiser akwai wani dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo, inda ƙafa ke juyawa. Akwai robar da ke hana man gatari tsallakowa cikinsa. Idan ta tsufa, man ya gauraya da giris, ya zama kamar kunu, ya tsiyayo a kan faifan birki. A baya ma haka, man gatari yana jiƙa lainin. Duk wanda ya leƙa bayan tayar tsohuwar katkat ya ga baƙin danshi da ƙura ta manne, to abin da ya gani ke nan. Pilaket ɗin da ya sha mai ya tashi daga aiki, ko da an wanke shi da fetur an gasa shi a wuta kamar yadda wasu ke yi. Robar da ta jawo wannan ba ta da wani tsada, amma kafin a kai gare ta sai an kwance ƙafar gaba ɗaya, aikin yini guda.

Akwai kuma abu na huɗu da direbobi da yawa ba su ma san yana jikin motarsu ba. A saman gatarin baya akwai wani ɗan bawul mai dogon hannu, wanda ke auna yadda mota ta zauna. Idan an yi mata lodi ta dusa, sai ya ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki. Idan babu kaya sai ya rage, don kada baya ya ja ƙasa. To, kusan duk motar da ke aikin kasuwa an ƙara mata ganyen sifirin domin ta ɗauki fiye da tan guda da aka ƙera ta dominsa. Da an ƙara sifirin mota ba ta dusawa kamar da, sai bawul ɗin ya ɗauka babu kaya, ya hana baya mai, alhali buhuna sun kai saman kai, mutane kuma suna bisa buhunan. Nauyin tsayar da motar duka sai ya koma kan ƙafafun gaba. A wasu motocin hannun bawul ɗin ya daɗe da karyewa an ɗaure shi da waya.

Shi kuwa sabo, a motar gazuwal, da wani ɗan famfon zuƙar iska yake aiki. A wasu tsofaffin Hilux wannan famfo a bayan na'urar cajin batir yake, fambel ke juya shi. Ma'ana idan fambel ya tsinke ana cikin gudu, bayan taku ɗaya ko biyu birki zai sandare kamar dutse.

Dabarun daji

Idan bututu ya fashe a tsakiyar daji, tsakanin Kanambakashe da wani ƙauyen da babu ko mai faci, babu wanda zai zargi direban da ya yi dabara ya fitar da mutane. Sanannar dabara ita ce a kashe ƙafar da ke yoyo: a lanƙwasa bututun a daddale shi da guduma, ko a cusa ƙusa a bakinsa a ɗaure. Sauran ƙafafu uku sai su ci gaba da aiki. Idan mai ya ƙare kuma, akwai masu zuba ruwan omo, akwai masu zuba duk man da ya zo hannu.

Abin da ke da ban tsoro shi ne dabarar kwana ɗaya takan zama ta shekara. An iso gari lafiya, gobe akwai kasuwa, mota kuma tana tsayawa. Motar da aka kashe wa ƙafar gaba ɗaya, duk ranar da aka taka ta da ƙarfi a kan kwalta, gefe za ta yi da ƙarfin da sitiyari ba zai iya riƙewa ba, musamman da lodi a sama.

Ruwan omo yana tafasa a digiri ɗari, yana kuma cin masta da silindojin ƙafafu da tsatsa daga ciki. Baƙin mai ko man sitiyari ya fi shi ɓarna, domin robobin birki ba sa jituwa da man da aka tace daga fetur. Kumbura suke yi su yi laushi, daga masta har ƙafa ta ƙarshe. Wanda ya zuba kofi ɗaya na irin wannan mai ya sayi canjin kowace roba da ke cikin layin. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Inda kuɗin ke tafiya

Abin da ke sa gyaran birki tsada shi ne ba a zuwa gareji sai abubuwa biyar sun lalace tare. Pilaket ɗin da aka bari ya cinye har ƙarfe yana goga ƙarfe ya tafi da faifai. Fistin ɗin da ya maƙale ya tafi da boris. Tsohon mai ya tafi da masta. Mastan da ke yoyo ta baya kuma yana zuba mai a cikin sabo, ya lalata shi, sabo kuwa yana cikin mafi tsada a jerin. Ranar da makaniki ya kwance komai ya shimfiɗa a kan buhu, mai mota yakan ga lissafin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na Nijar, jaka 42 na kuɗin sefa a wata, sau da yawa, idan da kayan asali za a yi.

Kayan ma ba a Mayahi suke ba. Abin da ake samu a kusa shi ne pilaket da lainin da man birki. Manyan kaya sai an aika Maraɗi ko Damagaram, idan babu a can kuma a tsallaka ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ko a wuce kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Kowace rana da ake jiran saƙo, mota tana kan duwatsu.

'Yan shekarun nan kuma hanyoyin kayan sun sha toshewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ta Najeriya ba sai a watan Maris na 2024. Ta ɓangaren Benin kuwa, Nijar ta ci gaba da rufe tata iyakar bayan an ɗage takunkumin, alhali ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce aka saba shigo da tsofaffin motoci da kayansu. Dole kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari.

Wani zai ce ai faɗuwar naira ta sa kayan Kano sun yi wa mai sefa araha. Hakan ya faru ga abin da Najeriya ke samarwa da kanta. Kayan mota kuwa da dala ake shigo da yawancinsu, don haka da naira ta faɗi farashinsu ya bi dala ya hau, ribar canjin ta narke.

A kanti mai saye yana fuskantar zaɓi uku. Akwai na asali, mai tsada kuma mai wuyar samu. Akwai Baljiyam, wato wanda aka ciro daga tsohuwar mota, wanda da yawa suka fi yarda da shi saboda aƙalla an san daga kamfani ya fito, ko da yake robobin cikinsa sun tsufa tare da shi. Sai kuma sabo mai araha, wanda a cikinsa akwai mai kyau daga kamfanonin da suka san aikinsu, akwai kuma jabu a cikin kwali mai tambarin Toyota. Jabun pilaket yana iya ɓarewa daga jikin ƙarfensa idan ya ji zafi. Jabun man birki kuwa ido ba ya rarrabe shi. Da yake har yau ana ƙera samfurin 70, kayansa ba su ɓace daga kasuwa ba, kuma wannan farin jinin ne ya sa masu jabu suka fi son sa.

Sayen wata motar ba mafita ba ce ga mafi yawa. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, ga kuma jigilar matafiya ta Agadas, katkat mai sauran ƙarfi tana da masu nemanta a arewa da kuɗi a hannu. Abin da ke saura wa layin ƙauyuka shi ne waɗanda suka gama aiki a wani wuri, ciki har da motocin ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji da aka yi gwanjonsu. Wannan ba matsalar Nijar kaɗai ba ce. Wani rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce ƙananan motoci na hannu miliyan 14 aka fitar daga Turai da Amurka da Japan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma.

Ranar da aka hau kwalta

Asirin da yashi ya rufe, kwalta ce ke tona shi. Motar da ta fito daga daji dole ta hau babbar hanya kafin ta shiga Tasawa ko ta wuce Gazawa da Agiye zuwa Maraɗi, kuma direban da ya yi awa biyu yana fama da giya ta biyu, da ya ji santsin hanya sai ya saki mota. Hanyar kuwa ta kowa ce: manyan bas na Yamai zuwa Damagaram, tireloli, 'yan kabu-kabu, amalanken shanu da ba su da fitila, garken awaki, da yara masu talla a bakin kowane gari.

Lissafin mai sauƙi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga abu ya kai ƙafa kan birki, daƙiƙa guda ta wuce. Da lafiyayyen birki a busasshiyar kwalta, tana bukatar ƙarin kamar mita 35 kafin ta tsaya. Idan rabin ƙarfin birkin ne ya rage, sai mita 70. A haɗa da daƙiƙu biyun da ake ɓatawa wajen famfo, an doshi mita 140, abin da ya fi tsawon filin ƙwallo. A gudun kilomita 40 kuwa, nisan da birki ke bukata kashi ɗaya ne cikin huɗu na wancan. Shi ya sa motar da ke da lafiya a daji take zama wata aba daban a kan hanya.

Kuma idan ta kife, mutanen da ke saman kaya ba su da abin riƙewa sai igiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, da kimanin mutum 19 a cikin kowane dubu ɗari. Nijar tana da hukumar kiyaye haɗurra, ANISER, kuma doka ta wajabta kai mota binciken lafiya, abin da direbobi ke kira bizit. Sai dai a shingen hanya takarda ake dubawa: katin mota, inshora, lasisi, takardar bizit. Takarda kuwa ba ta nuna cewa an daddale bututu da guduma makonni uku bayan an buga mata hatimi. Babu kuma mai son a ce a kama duk motar da ba ta cika sharaɗi ba, domin ranar da aka yi haka ƙauyuka da yawa za su wayi gari babu abin hawa. Wannan ne ya sa kowa ke kawar da kai, har da fasinjan da ya fi kowa shiga haɗari.

Motocin ɗaukar marasa lafiya ma yawanci Land Cruiser ne irin wannan samfuri, kuma aikinsu ya fi na kowa haɗa abubuwan biyu: laka da yashi daga ƙauye, sannan gudu a kan kwalta zuwa babban asibiti, galibi da dare. A gundumomin kiwon lafiya da dama na Nijar ana karɓar ƙarin dala ashirin a kan kuɗin ganin likita domin asusun jigilar marasa lafiya. Asusu irin wannan mai yake fara saye, gyara ya biyo baya.

Ga mai turo kuɗi daga waje

Wani kaso na waɗannan motoci da gumin 'yan ci-rani aka saye su. Matashin da ke aiki a Libiya ko Aljeriya, ko Legas ko Abijan, yakan tara kuɗi ya saya wa gida mota domin ƙane ya samu sana'a, iyaye su samu na cefane. Daga nan kuma sai waya ta fara zuwa: mota na son gyara, a turo ta Nita ko Amana. Shi da ke nesa bai san ko gaskiya ne ba, su kuma na gida suna jin nauyin yawan roƙo, don haka sukan faɗi wanda ya tsayar da mota ne kawai, su haɗiye na birki.

Akwai abubuwan da ake iya tabbatarwa ta kiran bidiyo cikin minti biyar. A sa direba ya tayar da mota ya taka birki ya riƙe na rabin minti. Idan ƙafarsa tana nutsewa a hankali, masta na yoyo ta ciki ko akwai inda mai ke fita. Idan sai ya yi famfo kafin ya ji tauri, akwai iska a layi ko lainin baya ya yi nisa da kwano. A kashe inji, a taka sau biyar har ya yi tauri, a riƙe, sannan a tayar: idan sabo na da rai, ƙafar za ta ɗan sauka. A haska cikin tukunyar mai a ga launinsa, a haska bayan kowace taya a ga ko akwai danshi, a bi bututun kowace ƙafa da ido a ga ko ya kai inda ya kamata ko an daddale shi a hanya. Tambayar da ta fi kowace tona asiri ita ce sau nawa ake ƙara mai a mako. Lafiyayyen birki ba ya shan mai, duk wanda ake ƙara wa akai-akai yana zubar da shi ne a wani wuri.

Lokacin da ya fi dacewa a kwance ƙafafu huɗu a wanke a duba shi ne ƙarshen damina, kafin kaka ta kankama, domin a watannin Oktoba zuwa Disamba ne mota ke ɗaukar lodi mafi nauyi a shekara, a daidai lokacin da laka ta gama cin lainin. Sai dai a lokacin ne kuma aljihun mai mota ya fi bushewa, ga kasuwa tana kira.

Waɗanda lissafin ya fi ƙarfinsu, motocinsu suna nan a bayan garejojin Tasawa da Maraɗi, an ɗora su a kan duwatsu ana jiran kuɗi. Idan jiran ya yi tsawo sai a fara da sayar da tayoyi da batir, sannan inji, wanda ba ya kwana saboda masu nema. Masta da sabo da faifan birki su ma ana kwance su a goge da fetur, a jera su a kan tebur, wani direban da birkinsa ya fara nutsewa ya zo ya taya.